Lambar Jinin Mai Aski

Rabin kaina ya aske, sai ya kashe injin, ya ɗora shi a kan teburi, ya dafa kafaɗata. Na ɗauka zama zai gyara mini. A madubi na ga yana sulalewa a hankali har ya kai ƙasa, ya zauna cikin gashin da ba a share ba, ya jingina da ƙafar kujera.

"Maƙwabci, ɗan jira ni," ya ce. "Ƙafafun ne suka tafi yajin aiki."

Reza muke ce masa. Shagonsa na aski yana manne da gidan da nake haya, ƙofarsa tana kallon titi, shi da iyalinsa kuma suna zaune a ɗakunan baya. Ya haura hamsin, gajere ne mai faɗin kafaɗa, bakinsa ya fi injinsa kaifi. Babu wanda zai zauna a kujerarsa ya tashi bai sha tsiya ba, ko mai sanƙo, ko wanda ya rina furfura, ko wanda matarsa ta yi yaji. Rabin masu zuwa shagon ba aski ne ke kawo su ba, hira ce.

Mutum biyu ne a kan benci ranar. Akwai Hedimasta, tsohon shugaban makarantar firamare da ya yi ritaya, wanda yake zuwa kullum ko da gashi ko babu. Akwai kuma Auta, ƙanin Reza, mai walda a ƙarshen layi. Su suka ɗaga shi suka kwantar a bencin. Hedimasta ya sa yatsa ya ja fatar idonsa ta ƙasa, ya leƙa, ya ce fari fat, kamar takarda.

Reza ya ce gajiya ce kawai, kuma ta daɗe tana bin sa. Yakan yi barci ya ƙoshi, ya tashi kamar wanda ya kwana yana dako. In ya ɗauko jarkar ruwa daga famfo zuwa shago sai zuciyarsa ta riƙa bugawa har cikin kunne. Ya sha maganin zazzaɓin cizon sauro, ya sake sha, ya sha na taifot, duk a kan shawarar mai kemis. Babu abin da ya canza.

Ni ne mai mota a layin. Na kifa hula a kan rabin askin na kai shi asibiti, aka ɗebi jini, aka ce mu dawo. Ranar karɓar sakamako ya ce in shiga tare da shi wurin likita, wai ni na iya sauraro, shi magana kawai ya iya.

Likitar matashiya ce mai tabarau. Ta juya takardar ta fuskance mu, ta riƙa bin layukan da bakin biro. Layin farko, in ji ta, shi ne ƙarfin jini. Namiji mai lafiya ana son a gan shi daga sha uku zuwa sama, nasa kuwa takwas ne. Dalilin gajiyar ke nan: jini ne ke kai iska ga gaɓoɓi, nasa ba ya kai isasshiya. Layi na biyu ya nuna ƙwayoyin jinin sun ƙanƙance. Na uku kuma sinadarin ƙarfe ne, wanda jiki ke ajiyewa don ƙera jini, kuma ma'ajiyar ta kusa zama wayam. Ƙoda lafiya, sukari lafiya, babu zazzaɓi.

Reza ya saki numfashi, ya ce to alhamdu lillahi, ashe ƙarancin jini ne kawai. Ta tambaye shi ko yana cin nama da ganye, ya ce ai shi ba ya wasa da cikinsa. Ta tambaye shi ko ya taɓa ganin jini a bayan gida. Ya ɗan kalle ni, sannan ya ce a'a, sai dai wani lokacin yakan yi duhu. Ta ajiye biron.

"Baba, ƙarancin jini ba shi ne ciwon ba, alama ce. Namiji mai shekarunka, mai cin abinci, jininsa ba ya raguwa haka kawai. Yana zuba ne a wani wuri, kaɗan-kaɗan, inda ido ba ya gani, yawanci a ciki ko a hanji. Zan rubuta maka ƙwayoyi, lambar za ta hau. Amma sai mun leƙa mun ga ta inda yake fita."

Ya tambayi yadda ake leƙawar. Ta ce da siririn bututu mai kyamara a baki, ana zura ɗaya ta maƙogwaro, ɗaya ta ƙasa. Ta ci gaba da bayanin maganin wanke ciki da ake sha tun jajibiri, da allurar da ake yi wa mutum kafin a fara. Na lura ya daina ji. Idonsa yana kan kalandar da ke bango. A mota abu ɗaya ya faɗa, cewa yarinyar nan sa'ar babbar 'yarsa ce.

A shagon Reza babu takardar da ke shiga ta fita ba a karanta ta a fili ba, ko ta kuɗin wuta ce ko ta gayyatar ɗaurin aure, kuma Hedimasta ne mai karantawa. Ya sa tabarau, ya karanta lambobin ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan takwas, ya ce da ɗalibinsa ne da ya maimaita aji. Sannan ya juya takarda ta biyu, wadda likita ta rubuta don gwajin kyamarar, ya tambaye ni ma'anarta. Na faɗa kamar yadda aka faɗa mana.

Auta ya ɗaga kai ya dubi babbar takardar da ke manne a bango, mai jerin hotunan kawuna da salon aski iri-iri, kowanne da lambarsa.

"To Yaya, in an wanke hoton, nan za mu liƙa shi? Lamba nawa za mu ba shi, in wani ya zo yana so?"

Aka fashe da dariya. Mai shayi da ke tsallaken titi ya ƙetaro ya tambayi abin da ya faru, aka maimaita masa, aka sake wata dariyar. Reza ya fi kowa dariya. Ya ƙarasa mini askina ranar.

Daga nan ya samu sabon suna, Jarumi. Duk wanda ya shigo sai ya tambayi yaushe za a fara ɗaukar fim ɗin, da kuma ko za a sayar da tikiti. Yana ramawa, don bai taɓa rasa amsa ba. Babu wanda ya yi da mugun nufi. Mutum ne da ya shekara da shekaru yana yi wa kowa, yanzu an samu abin yi masa. Ranar da aka ba shi ta gwajin, ya buɗe shago da safe kamar kullum. Na leƙa na ce mota tana waje. Bai ɗaga kai daga kan da yake askewa ba.

"Maƙwabci, ƙofar da Allah ya yi ta fita, ba za a mayar mini da ita ta shiga ba. Mu ga aikin ƙwayoyin tukuna."

Hedimasta ne ya ɗauki guntun sabulu ya rubuta 8 a kusurwar madubi, ya rubuta 13 can sama, ya ja layi tsakaninsu. Mutanen layinmu kaf suka shiga aikin cike wannan tazara. Mahauci ya riƙa aiko da hanta. Matar Reza ta riƙa dafa ganye safe da yamma har yaran gidan suka fara ƙorafi. Mai kemis ya ƙara masa kwalbar maganin ƙarin jini a kan ƙwayoyin likita. Gaisuwa ma ta canza: kafin mutum ya zauna sai ya ce a kawo ido ya gani, Reza ya sunkuyo, a ja fatar, a yi gardama kan ko ta fara ja.

Gwaji na biyu ya nuna goma. Aka goge takwas aka rubuta sabuwar lamba, mai shayi ya raba shayi kyauta. Ranar ma na shiga tare da shi wurin likita. Ta ce ta ji daɗin ganin lambar, sannan ta tambayi dalilin da ya sa bai je gwajin kyamarar ba. Ya ce aiki ne ya yi yawa. Ta ce hawan lambar yana nuna ƙwayoyin suna aiki, amma ba ya nuna zubar ta tsaya. Bokiti mai huda ma, in ana zuba masa ruwa da sauri, zai yi kamar yana cika. Ta sake ba shi rana. Ya ce in sha Allahu, ya ninke takardar gida huɗu ya sa a aljihu.

Bai koma wurinta ba. Akwai wani ɗan ɗakin gwaji a saman jerin shaguna kusa da tashar mota, inda ake tsira wa mutum allura a yatsa, a ba shi lamba ɗaya nan take, ba tambaya, ba bayani. Can ya koma. Lambar ta kai sha ɗaya, ta tsaya. Hedimasta ya ce ko ɗalibi mai ƙoƙari yakan ɗan huta a tsakiyar zango.

Gajiyar kuwa ba ta tafi ba. Auta ya haɗa masa wata doguwar kujera ta ƙarfe, ya koma aski a zaune, yana juya kujerar mai aski maimakon ya zagaya ta. Ya fara rufe shago da rana ya shiga ciki ya kwanta. Na gan shi wata safiya yana huda sabon rami a bel ɗinsa da tsinin almakashi. Da ya ga ina kallo sai ya ce fatun yanzu ba su da kirki, saki suke yi.

Matarsa ta shigo gidanmu wata yamma, ta gaisa da matata, sannan ta ce wurina ta zo. Mace ce mai ƙarancin magana, tana saƙa hulunan jarirai tana kai wa masu shaguna. Ta tsaya a bakin ƙofar falo, ba ta zauna ba. Ta ce bayan gidansa ya koma baƙi ƙirin. Ta tambayi mai kemis, ya ce ƙwayoyin ƙarin jini suna sa haka, ya ma nuna mata a takardar da ke cikin kwalin. Na ce wannan gaskiya ne, suna sa wa. Ta ce ta sani, amma tun kafin ya fara shan ƙwayoyin abin ya soma, yanzu kuma babu yadda za a bambance. Abinci ma tura shi yake yi gefe, hantar da ake aikowa yara ne ke cinyewa.

"Malam, lamba tana hawa, mutum yana sauka. Ni in na yi magana sai ya ce in je in duba madubi. Kai ka ji abin da likitar ta ce. Ka sake yi masa magana."

Na yi masa, ranar da babu kowa a shagon. Na maimaita maganar bokiti. Na ce babu wanda zai sani, zan kai shi da sassafe mu dawo a ce kasuwa muka je. Ya saurare ni har na gama yana goge haƙoran injin da ɗan buroshi. Sannan ya ce a layin nan ko tari mutum ya yi a ɗakinsa sai an yi masa sannu a titi. Ya ce in bari ya kai sha uku. In ya kai kuma gajiyar ba ta tafi ba, zai je da ƙafarsa.

Bai kai ba. Gwajin da ya biyo baya ya nuna goma, na bayansa tara. Hedimasta ya ce injin mutanen tasha ne ya lalace, ya ƙi goge sha ɗayan. Aka daina tambayar fim. Sunan Jarumi ya bi ruwa ba tare da kowa ya ce a daina ba.

Wani baƙo ne, matafiyi da ya tsaya a rage masa gemu, ya dube shi a madubi ya tambaye shi ko ya san idonsa ya yi rawaya. Reza ya matsa kusa da madubin, ya daɗe yana kallo. Ya gama gemun, ya karkaɗe ƙyallen, ya rataye shi, ya aika aka kira ni.

Likitar ba ta yi masa faɗa ba. Takardar wannan karon ta fi tsawo. Ta sake juya ta ta fuskance mu. Ƙarfin jini ya koma bakwai. Ƙasa da shi akwai wasu layuka da ba mu taɓa dubawa ba, na hanta, dukkansu sun haura inda ya kamata su tsaya. Ta tura shi hoton ciki a ranar. Hoton ya nuna ƙari a hanji, da tabo-tabo a hanta. Ta faɗi sunan ciwon sau ɗaya, a fili, ta ce ya yaɗu, tiyata ba za ta cire shi ba, amma akwai abin da za a iya yi don rage masa wahala. Ta ce har yanzu ana bukatar kyamarar, don a gutsuro kaɗan a tabbatar da irinsa. Ya ce a yi.

Ni da matarsa muka jira a baranda. Da aka turo shi waje a kan gado yana lumshe ido, ya tambayi ma'aikaciyar jinya yaushe za a fara. Ta ce ai an gama. Ya dubi silin, sannan ya juyo gare ni.

"Ashe barci ake sa mutum."

Na ce e.

"Ban ma san an yi ba," ya ce. "Shi ke nan abin?"

Matarsa ta gyara masa mayafi ta rufe ƙafafunsa.

Ya koma gida. Shagon ya zauna a rufe, amma benci aka fito da shi waje, mutanen suka ci gaba da zama a kai da yamma, suna shiga duba shi bibbiyu. Ya rame har kafaɗun nan masu faɗi suka koma kamar maratayin riga. Bakin dai bai mutu ba. Ya ce wa mai shayi duk wanda ya yi masa askin da ke kansa ya kai shi ƙara. Auta ne kawai ba ya iya daɗewa a ɗakin. Yakan shiga ya ce Yaya ya jiki, ya tsaya yana murza hula a hannu, ya fita ya gyara wani abin da bai lalace ba, ƙyauren bayi ko ƙafar gado. Wata rana Reza ya kira shi ya ce ya zauna, ya ce masa wargin nan na hoto shi ne mafi kyau da aka taɓa yi a shagon, kuma da shi ne ya samu damar, da ya yi wanda ya fi shi. Auta ya gyaɗa kai, bai ɗago ba.

Wata safiya jini ya ɓalle masa, wannan karon a fili. Muka kai shi asibiti a kwance a kujerar baya, kansa a cinyar matarsa. Aka auna aka ce biyar. Aka ɗaura masa ledar jini ɗaya daga ma'ajiyar asibiti, aka ce 'yan uwa su zo su bayar a mayar da gurbinta, kuma za a bukaci ƙari.

Kafin azahar layinmu ya taru a ƙofar ɗakin ɗibar jini. Mahauci ya zo da rigar aikinsa. Mai shayi ya bar tukunya a hannun maƙwabcinsa. Mai kemis ya zo, da wasu da ban san su ba sai a kujerar aski. Hedimasta ya shiga layi, aka ce shekarunsa sun wuce. Ya yi gardama, ya ce a auna shi a gani, aka ba shi haƙuri, ya koma gefe yana tsara wanda zai bi wani. Fuskokinsu sun saki fiye da yadda na gan su cikin makonnin nan. An ce jini ake so, jini kuwa suna da shi.

Auta aka fara ɗiba. Ina tsaye tsakanin ɗakin da Reza yake da inda suke, ina kai labari ina kawowa. Ledar da aka ɗaura wa Reza ba ta kai rabi ba numfashinsa ya canza. Matarsa tana riƙe da hannunsa tana yi masa kalmar shahada a kunne. Likitar ta zo ta tsaya, ta sa abin sauraro a ƙirjinsa, ta daɗe, sannan ta cire shi daga kunnenta ta miƙa hannu ta rufe ƙarin jinin.

Na sauko na faɗa musu. Aka yi salati ƙasa-ƙasa. Ma'aikaciyar ɗakin ta leƙo ta taga da takarda a hannu, ba ta san abin da ya faru ba, ta kira na gaba. Mahauci ne. Ya dubi Hedimasta, ya dube ni, sannan ya naɗe hannun riga ya shiga. Sauran ba su bar layin ba.

Auta yana zaune a ƙarshen bencin baranda. An ce masa ya naɗe hannu ya danne audugar, kada ya saki sai an zo an duba. Wani ya ajiye masa gwangwanin madara a gefe, a buɗe. Masu tura gadon marasa lafiya suna wucewa ta gabansa, yana janye ƙafa yana ba su hanya, hannun nan a naɗe a ƙirjinsa.